Yadda Za Ka Tayar da Sabar Asibiti da Faifan da Ka Ɓoye a Akwatin Innarka

Ya kai shugaban sashen ajiyar bayanai, mai makullai goma sha ɗaya a aljihun gaba, wannan darasi naka ne. Idan ka wayi gari babbar kwamfutar ma'aikatarka ta ƙi tashi, kada ka yi zufa. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci kafin la'asar ta yi sanyi na'ura za ta tashi, hularka ba ta karkace ba, kuma babu wanda zai tuna ya tambayi laifin wa. An gwada hanyar a wani asibitin mata da yara a Birnin Kebbi, wata Talata cikin bazarar 2004, a hannun gwanin gwanaye Alhaji Labbo. Duk inda ka rikice, dubi abin da ya yi ka kwaikwaya.

Ga ɗan karatu tukuna, don ka sami abin faɗa a gaban mutane. Saba ita ce uwar garke, babbar kwamfutar da ƙananan na kowane ofis suke zuwa sha a wurinta. A cikinta akwai faifai biyu na ajiyar bayanai. Injiniyan da ya kafa ta, Nasrullahi, da ya ga Turanci ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ce wa ma'aikata su ɗauka tagwaye ne, Hassan da Husaini. Duk abin da aka ba Hassan, nan take ake ba Husaini irinsa, kamar yadda ba a ɗinka wa ɗaya riga a bar ɗaya. Masu sani suna kiran Husaini madubi. Amfaninsa shi ne, ranar da Hassan ya kwanta sai a tayar da na'ura da ɗan'uwansa, ba a rasa ko wasali ba.

Sai abu ɗaya kuma. A ranar za a sami wata mata a kan bencin jira. A asibitin da muke magana sunanta Sakinatu, daga Gwadangaji, goye da ɗiyarta Mubina mai shekara ɗaya da wata bakwai, jiki kamar garwashi, numfashi sama-sama. Akwai wata allura da aka taɓa yi wa yarinyar tana wata takwas, fuskarta ta kumbura har idanu suka shige, da ƙyar aka ceto ta. Sunan allurar, da sunan maganin da ya karɓe ta a madadinta, duka suna cikin saba. Likitan da ya san zancen an yi masa canjin wurin aiki. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Kowane benci yana da irin matar nan.

1. Fara shiri tun shekara biyu kafin ranar

Mai gaggawa ba ya cin nasara a wannan fanni. Bar injiniya ya koma Kaduna. Bar na'ura ta yi wata biyu tana aiki, har a gama kwashe abin da ke katunan mutane a zuba mata. Sannan ka tsaya a gabanta, hannu a baya, ka yi tunani irin na manya.

Alhaji Labbo ya yi. Ya ce ga faifai biyu masu daraja a ɗaki ɗaya, cikin zafin Birnin Kebbi, wuta tana zuwa tana komawa yadda ta ga dama, kuma dukansu suna ta juyawa ba hutu. Wane mai hankali ne zai sa rigar Sallah ya shiga gonar shinkafa? Abin ajiya, ajiye shi ake yi.

Ya zare Husaini. Ya naɗe shi cikin farin ƙyalle, ya sa masa kafur guda uku saboda kyankyaso, ya kai shi Argungu gidan mahaifiyarsa. Ya kwantar da shi a ƙasan akwatin ƙarfe, tsakanin babbar rigar marigayi mahaifinsa da takardun gonar albasa. Ya ba Inna makulli.

Hikima: ɓarawo ba ya shiga ɗakin tsohuwa. Sabon bayani ma haka.

2. Yi maganin jar fitila

Uwar garke za ta yi kewar ɗanta. Wata 'yar jar fitila za ta kama ƙyaftawa a goshinta. Zakiyya, mai aikin buga bayanai, za ta zo ta ce, "Alhaji, fitilag ga hwa ba ta daina ba tun da anka cire faifan nan. Injiniya ya ce in ta yi ja, tagwayen sun rabu."

Kada ka yi musu da ƙaramar ma'aikaciya, yana rage girma. A asibiti kake, filasta ba ta yanke muku ba. Yanko kaɗan ka manna a kan fitilar. Alhaji Labbo har shafa ta ya yi da babban yatsa, ya ce, "To, ta warke."

A makon ne kuma za ka soke katin hannu. Tattara tsofaffin ka kai sito, inda gara take zaman jiran aiki. Manna sanarwa a ƙofar likita: ba a shiga sai da takardar da kwamfuta ta buga. Sa mai gadi a ƙofar, ka zaɓi wanda magiya ba ta ratsa shi.

3. Ranar da Hassan ya kwanta, tara shaidu

Da ƙara za ka gane ranar. Faifan zai riƙa yin ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar busasshiyar aya, allo kuma baƙi ƙirin da layi ɗaya na Turanci. Kashe ka kunna. Yi haka sau bakwai, don kowa ya shaida ba zama ka yi ba. Kafa kunne a jikin ƙarfen ka girgiza kai. Aika a kawo fanka ta biyu. Idan akwai mai tofi cikin ma'aikata, kada ka hana shi.

A waje, benci ya cika tun ƙarfe takwas. Sakinatu ta sauke goyo ta ɗora Mubina a cinya. Ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan leda tana goga mata a goshi da hammata. Ta ɗaga rigar yarinyar tana kallon yadda ƙasan haƙarƙari ke shigewa ciki da kowane numfashi, abin da tsohon likita ya koya mata ta riƙa dubawa. Jiya ba ya shigewa haka. Ta yi tunanin ta hau kabu-kabu ta nemi wani wuri, sai ta tuna nan kaɗai aka rubuta maganin da jikin ɗiyarta ya yarda da shi. Ta gyara zama.

4. Kada ka dubi abin da ba a allo yake ba

Matar za ta zo tagarka. Za ta kwance ƙullin bakin zanenta ta fito da wata 'yar kwalba, fanko, ba ta kai babban yatsa ba, takardar jikinta ta soma dafewa. Kwalbar allurar nan ce. Ranar da abin ya faru, ana ta guje-guje a kan ɗiyarta, ita ta sunkuya ta tsince ta daga kwandon shara, don ba ta yarda harshenta zai riƙe dogon sunan ba. Wata goma sha ɗaya ke nan, duk zanen da ta ɗaura tare da kwalbar take ɗaura shi.

"Baba Alhaji, don Allah a bar ni in nuna ma likita wagga kwalba. Ɗiyata ba ta lumfashi daidai."

Ga amsar Alhaji Labbo, haddace ta. "Ɗiyag ga, nan ba kasuwar kwalabe ba ta. Mun wuce zamanin ƙulle-ƙulle a bakin zane. Komi na cikin kwamfuta."

"To kwamfutar hwa?"

"Ana kan aikinta."

"Likita na ciki?"

"Yana ciki, yana jiran marasa lahiya."

"Ai ga mu nan, Baba."

"Ku ba ku zama marasa lahiya ba tukuna, sai an buga muku takarda. Kuma yarinyar nan ina jin kukanta tun daga kujerata. Mai ciwon gaggawa ba shi da ƙarfin kuka."

Rufe taga a hankali. Buga ta da ƙarfi rashin tarbiyya ne.

5. Kira injiniya, amma kada ka gaya masa komai

Fita bakin titi wurin mai wayar haya a ƙarƙashin lema. Tsaya inda masu wucewa za su ji kana ambaton Kaduna.

Nasrullahi zai ce, "Ai abu mai sauƙi ne, Alhaji. Ku kashe ta, ku zare Hassan, ku mayar da Husaini gurbinsa, ku kunna. Idan shuɗin allo ya fito, ku nuna mata faifan da za ta tashi da shi. Minti goma kun gama. Husaini dai yana nan lafiya ko?"

"Lahiya lau. Ko ƙwarzane babu."

Ka ga ba ka yi ƙarya ba.

"Fitilar ba ta taɓa yin ja ba?"

"Shekara biyu ban ga ja ba."

Nan ma ba ka yi ƙarya ba. Miƙa wa mai lema wayarsa tun kafin tambaya ta uku.

6. Tafi Argungu

Faɗa wa ma'aikata za ka ɗauko kayan aiki. Ɗauki motar ɗaukar marasa lafiya, tunda yau babu marar lafiya ko ɗaya a rubuce. Sa direba ya kunna jiniya.

Za ka tarar Inna ta tafi suna hayin gulbi, makulli a wuyanta. Bi ta. Alhaji Labbo ya tattare babbar riga ya shiga kwalekwale, ya gaida mai jego, ya yi wa jariri addu'a, aka ajiye masa tuwon shinkafa da kifi. Barin abincin suna wulaƙanci ne, saboda haka ya ci. Sannan ya raɗa wa Inna buƙatarsa.

"Wane abu?" in ji Inna.

"Abin nan da na ba ki ajiya, na cikin farin ƙyalle."

"Kai kac ce ko gobara anka yi kar in ba kowa."

"Inna, ai ni ne na faɗa."

"To kai ma kowa na, Labbo."

Lallashe ta. Za ta yarda bayan an raba goro. A hanya za ta kwantar maka da hankali cewa ba ta yi sakaci da amanarka ba, duk shekara bayan damina takan fito da shi ta shanya a rana tare da rigar marigayi. Yi mata godiya.

Ana kiran azahar a Birnin Kebbi Mubina ta daina kuka. Sakinatu ta jijjiga ta, yarinyar ta buɗe ido rabi ta mayar. Nono ma ta ƙi kamawa. Uwar ta tuna maganar Alhaji, ta tashi ta sami mai gadi ta ce, "Malam, ta daina kukan. Yanzu ta isa shiga?" Mai gadi ya nuna mata sanarwa da leɓe. Ta koma ta tsaya daidai taga, don kada kowa ya riga ta, ta dafe ƙirjin ɗiyarta tana ƙirga numfashi.

7. Bar mai iyawa ta yi, kai ka danna na ƙarshe

Shigo da ƙyallen a tafin hannu biyu. Kwance shi a gaban kowa. Ƙamshin kafur zai cika ɗaki, wannan alamar kulawa ce.

Daga nan koma gefe ka riƙa cewa "yauwa". Zakiyya za ta kashe na'ura, ta cire wayar wuta, ta zare Hassan, ta hure Husaini ta zura shi a gurbin farko har ya ce ƙat. Za ta kunna, ta shiga shuɗin allon nan, ta zaɓi faifan. Sa ido sosai. Da ka ga yatsanta ya nufi maɓallin ƙarshe, ɗaga murya ka ce, "Tsaya!" Matso, yi bismilla, ka danna da kanka.

Za ta tashi. Wallahi za ta tashi, domin Husaini ba shi da laifin komai. Ma'aikata za su yi kabbara. Karɓi hannun kowa.

8. Yarda da madubi

Yanzu fa za a ga abin mamaki. Jerin masu aiki ya nuna tsohon likita yana bakin aiki. Malam Abdussamadu mai shara, wanda aka yi wa sadakar arba'in bara, an sa shi aikin safe. Matan da suka yaye 'ya'yansu, kwamfuta ta ce suna ɗakin haihuwa.

Zakiyya za ta sunkuyo ta ce, "Alhaji, Husaini bai san komi ba tun ranar da kac cire shi. Shekara biyu da wata ɗaya, duk sun tahi da Hassan."

Kada ka raɗa amsa, faɗe ta kowa ya ji. "Kun ga amfanin ajiya? Yadda na sa shi, haka na ɗauko shi."

Buɗe taga. Matar nan ce a gaba.

"Suna?"

"Mubina Muhyiddeen."

Zakiyya ta buga. Ta sake bugawa. "Babu ta."

"Duba nawa. Sakinatu Muhyiddeen, Gwadangaji."

Alhaji Labbo ya leƙa allo, fuskarsa ta washe. "Ga ki nan tsaf. Ciki wata ukku. Ranar awonki Alhamis, kin yi sammako da yawa."

Sakinatu ta ɗaga yarinyar daidai taga, kan Mubina ya langaɓe a kafaɗarta. "Baba, ga cikin nan a hannuna."

"Ni dai abin da ke rubuce nika faɗa miki."

Hikima: idan mutum da kwamfuta suka saɓa, tuna wanne ne aka kawo daga Kaduna.

9. Buɗe sabon shafi, ka bar shi fes

Tunda babu yarinyar, sai a ƙirƙire ta. Sa a yi mata rajista a matsayin sabuwar zuwa. Akwai gurbin da ake rubuta maganin da ba ya karɓar mutum. Matar za ta sake miƙo kwalba. Ce mata ba a shigar da abin da likita bai tabbatar ba, ka ce wa Zakiyya ta rubuta "babu". Shafi mai tsabta abin alfahari ne.

Sauran wannan mataki ba naka ba ne, kana ofis ana yi maka barka. Amma ga yadda ya kasance, don ka san abin da za ka musanta.

Zakiyya ta yago takardar tun injin bai gama tofo ta ba, ta cusa wa Sakinatu ta taga, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, kar ki bari allura ta taɓa ta sai ya ga kwalbar." Mai gadi ya ga takarda ya kauce.

Sabon likita, Dikko, mako uku da zuwansa, tun safe ake gaya masa ana tantance marasa lafiya, har ya karanta jarida ɗaya sau biyu. Ya ɗora abin awo a ƙirjin Mubina, fuskarsa ta canza.

"Tun yaushe kuke nan?"

"Tun takwas."

Ya dubi takarda, ya ga "babu", ya yi rubutu da sauri ya miƙa wa nas. Sakinatu ta buɗe baki, nas ta ce, "Riƙe ƙafar tukuna, Maman Mubina, kya yi bayani daga baya." Ta ɗauko kwalba ta zuƙe ta cikin sirinji, ta dangwalo auduga.

Sakinatu ba ta riƙe ƙafar ba. Ta rufe cinyar ɗiyarta da tafin hannu ɗaya, ta kwance ƙullin zane da ɗayan har da taimakon haƙori, ta ajiye kwalbarta a kan tebur kusa da ta nas. Tsawonsu ɗaya. Murfinsu launi ɗaya. Rubutun jikinsu, in ban da dafewa, ɗaya.

"Likita, ban yi boko mai nisa ba," in ji ta, "amma ina gane tagwaye. Wagga ita tak kusa kashe min ɗiya."

Likita Dikko ya ɗauki tsohuwar kwalbar ya juya ta zuwa haske. Ya ce wa nas, "Ajiye sirinjin nan." Ya sa Sakinatu ta ba shi labari tun daga farko: kumburin, shaƙewar, minti nawa bayan allura. Ya soke abin da ya rubuta ya rubuta wani, ya ce a ba su gado yanzu. Sannan ya yago murfin kwalin magani, ya rubuta sunan allurar da manyan baƙaƙe, ya ja mata layi biyu, ya sa hannu, ya ba uwar.

Kafin magariba haƙarƙarin ya rage shigewa. Mubina ta farka ta tsala kuka, ta kama nono. Sakinatu ba ta taɓa jin daɗin kuka irin na ranar ba.

10. Nuna ka ɗauki darasi

Labari zai iso ka washegari. Kada ka ɓuya, shugaba ba ya ɓuya. Sa sabuwar hula ka zagaya ɗakin yara.

Alhaji Labbo ya tsaya a bakin gado ya yi wa Mubina wasa da makullai. Ya ce, "Sannu, Maman yarinya. Kin ga yadda munka yi ta fama jiya har Allah Ya taimaka. Ashe kwalbar nan muhimmiya ta."

"Awo, Baba."

"To abu mai muhimmanci irin wanga ba a barinsa a bakin zane. Zai iya faɗuwa, zai iya fashewa. Da ita da takardar da likita ya rubuta, kawo su in ajiye miki. Ina da wuri a Argungu, ko kyankyaso ba ya shiga."

Sakinatu ta dube shi har sai da ya gyara tsayuwa. Ta naɗe kwalin a jikin kwalbar, ta mayar bakin zane, ta ƙulle, ta sake ƙullewa.

"Na gode, Baba Alhaji. Inda ɗiyata take, nan za su zauna."

Idan ta ce maka haka, girgiza kai don tausayin jahilci, ka wuce. Kana da aiki a gabanka. An aika Kaduna a kawo sabon faifai da zai zama ɗan'uwan Husaini, kuma kafur ɗinka ya ƙare.

Kafin ka rufe takarda

Alkawari ya cika: na'ura ta tashi, hula tana zaune daram, ba a tambayi laifin kowa ba. Abin da ya wuce wannan babu hannun mai wannan rubutu a ciki. Duk wanda aka haifa, ko ya warke, ko ya rasu bayan ranar da ka zare faifai, tsakaninka da shi ne, ku ƙarata a gaban Wanda ba a manna wa littafinSa filasta. Kuma a sani, tabbacin da aka bayar a farko na saba ne kawai. Ba a ba ka tabbacin cewa kowace uwa da ke kan bencinka ta tsinci kwalba ba.